Jita Biyar a Rumbun Gero

Shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira, a shekarar ce jita ta farko ta shigo gidanmu a Birnin Kudu. Maigidana gyaran rediyo yake yi, yana da ɗan shago a bakin titin da manyan motoci ke bi. Lokacin ma'aikata sun samu sakewa, kowa ya sayi rediyo, ita kuwa rediyo ba ta rabo da laulayi, don haka aiki bai yanke masa ba. Ni ina gida da goyon ɗana na fari.

Wani Bature ne malamin makarantar kwana zai koma ƙasarsu, yana sayar da tarkacensa. Maigida ya je neman tsohuwar rediyo, ya dawo da wani abu naɗe cikin bargo. Da ya kwance sai da na ja da baya. Ja ce wur, tana sheƙi kamar an shafa mata mai, ga ƙaho biyu irin na ɗan maraƙi, ga dogon wuya, ga tsirkiya shida ta ƙarfe. Na san garaya, na san gurmi, na san kukuma, duk ƙwarya ce aka rufe da fata, daga cikin murya ke fitowa. Wannan da na ƙwanƙwasa ta da yatsa sai na ji katako ne zalla, babu rami.

Na ce, "To ta ina take magana, ba ta da ciki?"

Ya ce in tsaya in gani. Ya jona ta da wani baƙin akwati, ya jona akwatin da batirin mota, ya taɓa tsirkiya ɗaya. Kajina suka watse, yaro ya tsala ihu a bayana.

Kafin lokacin yaye ya matso sun zama biyar. Akwai baƙa da ya samo wajen masu kiɗan otal a Sabon Garin Kano, bayanta duk ya goge inda take gugar cikin mai ita. Akwai fara da tsufa ya mayar kamar haƙorin mai cin goro. Akwai wata mai faɗin ƙugu, wani direba ya kawo daga Jos. Ya kafa ƙusoshi a bangon turakarsa ya rataye su, kullum in ya dawo sai ya goge su da tsohon rawani. Abin da ya fi ɗaure min kai, bai iya kiɗa ba, ko kaɗan. Zai sauke ɗaya, ya kwance mata murfi, ya leƙa wayoyin ciki, ya shinshina katakon, ya mayar. Ran nan na kasa haƙuri na tambaye shi amfanin tara abin da ba a mora. Sai ya nuna jeren ɗakina da haɓa.

"Kwanukan nan naki, guda nawa kika taɓa cin tuwo a ciki?"

Ko ɗaya ban taɓa ba. Amma a raina na ce, ai kwano ba ya sa a yi da mutum a gari.

Ta biyar shi ya haɗa ta da kansa, kuma da hannuna a ciki. Ya zana siffar a takardar siminti ya kai wa wani masassaƙin turmi a Fagam, aka sassaƙo masa da icen maɗaci. Saura wani ɗan abu da ake sawa ƙarƙashin tsirkiya, shi kunne yake ce masa, wai shi ke jin motsin tsirkiya ya aika wa akwati. Mayen ƙarfe ne a ciki, ana naɗe shi da waya ja siririya kamar gashin jariri, naɗi dubbai. Da hannu ya fara, ta tsinke sau uku. Sai na ga yana kallon keken ɗinkina na hannu. Ya ɗaure abin a jikin ƙarfen da ke juyawa, ni ina murzawa, shi yana riƙe da waya tsakanin yatsu biyu. Kowane juyi ɗari sai in jefa ƙwayar wake a faifai. In yaro ya yi kuka ƙirge ya rikice min, sai mu yi ta musu, shi ya ce sittin, ni in ce saba'in. Ba zan ɓoye ba, ranar da ta yi magana na ji daɗi. Muryarta ta fi ta Baturen kauri.

Sai dai duk daɗin nan da fargaba a ƙarƙashinsa. Babana malami ne a wani ƙauye na ƙasar Gwaram, da damina noma, da rani karantarwa. A wajenmu kiɗa sana'ar gado ce. Ba a ƙin makaɗa, ana yi musu kyauta ranar biki da suna, amma gidan malamai ba ya ba su 'ya. Baba ya yarda da mai gyaran rediyo ne don ya ce sana'ar hannu ce, ba roƙo a cikinta.

Wata ranar kasuwa da hantsi sai ga Gwaggo, ƙanwar Baba, ko mayafi ba ta cire ba.

"Ke, ba zama na zo yi ba. Direbobi sun kai labari Gwaram, wai mijinki ya zama makaɗi, yana da gurmin Turawa har goma."

"Biyar ne, Gwaggo."

"Au, har kin ƙirga? To Malam yana tafe a motar azahar. Ya ce in ya tarar gaskiya ne, a motar la'asar za ku koma tare."

Ta fice kasuwa ta bar ni a tsaye. Yaro saura wata biyu yaye. In na koma gida, ana cire shi daga nono dangin uba za su zo su ɗauki abinsu, haka ake yi. Ba ni da wanda zan aika shago, kuma na san ko na aika maigida ba zai yarda a ɓoye komai ba, cewa zai yi bai yi sata ba.

Na gwada ƙarƙashin gado, wuyansu ya leƙo. Na duba madafi, hayaƙi. Sai idona ya kai kan rumbun ƙasa da ke tsakar gida, inda maigida ya zuba geron gonarsa ta Wurno. Na naɗe kowacce da zane, na jingina tsani, na ɗage ɗan boton da ke rufe bakin rumbu. Sau biyar na hau da goyo a baya, ina cusa su tsakanin dammunan gero, ƙaiƙayi yana cin wuyana. Ƙusoshin bango na rataya musu riguna. Akwati da batir na bar su, ai ba su da bambanci da kayan rediyo. Na wanke fuska, na dama fura.

Bayan azahar na ji sallamar Baba a zaure. Na shimfiɗa masa buzu a inuwa, na durƙusa na gaishe shi. Ya karɓi jikansa ya ɗaga sama.

"Kai, wannan ƙaton, har yanzu kana nan kana cinye wa mutane abinci? Ka zo Gwaram ka ga ko zan bar maka matata."

Yaro ya cafke masa gemu. Baba ya yi dariya, ya sha fura, ya tambayi lafiyar maƙwabta. Na ga idonsa ya zagaya tsakar gida, ya leƙa ƙofar turaka da ke buɗe, ba komai sai riguna. Har na fara sauke numfashi sai ya ajiye ludayi.

"Ina tsaninku?"

A nan ne na tuna. Tun ina ƙarama nake ganin abin: Baba bai taɓa zuwa gidan 'yarsa ya tambaye ta ko tana ƙoshi ba. Ya ce 'ya mai kunya ƙarya za ta yi, rumbu ne ba ya ƙarya. Haka ya yi a gidan yayyena duka uku, kuma sau biyu da ni aka je. Duk faɗin gidan nan, wuri ɗaya da na tabbata zai duba, nan na kai su.

Ya tattare riga ya hau. Ya ɗage ɗan boto, ya zura kai, ya daɗe. Sai ya zura hannu ya jawo wani abu, zanena ya zame, jan wuya ya fito da tsirkiya tana ƙyalli a rana.

"Ikon Allah," in ji shi. "Geron Birnin Kudu da wuya ya fito bana?"

Ya riƙa miƙo min su ɗaya bayan ɗaya, ina karɓa ina jerawa a tabarma. Ana cikin haka maigida ya yi sallama. Ashe ya hangi saukar Baba daga mota, ya rufe shago ya biya ya sayo goro. Ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya tsugunna nesa, kansa a ƙasa. Da ya ɗago ya ga kayansa fututu da ƙura, sai ya yi min wani kallo ɗaya ya mayar da kai.

Baba ya zauna ya ce, "Wa kake yi wa kiɗa?"

"Ba kowa, Baba."

"Gidan biki? Gidan suna? Ƙofar hakimi?"

"Ban taɓa ba."

"To kaɗa in ji."

Maigida ya so ya ba da hanzari, Baba ya ce jira yake. Aka ɗauko akwati da batir. Maigida ya rungumi jar, gumi yana bin goshinsa, ya ja tsirkiyoyin gaba ɗaya. Abin da ya fito, ka ce iska ce ke fizgar ƙofar kwano. Ya sake gwadawa, akuyar maƙwabta ta amsa.

Baba ya ɗaga hannu. "Ya isa, don Allah. Da wannan kake ci, da ban tarar da ko zangarniya ɗaya a rumbun can ba. To me kake yi da su?"

"Ina son in san yadda aka yi su ne, Baba. Kowacce da irin hannun wanda ya yi ta."

Baba ya jawo ta maɗacin, ya juya bayanta, ya shafa sawun gizago da babban yatsa. Ya ce ya san wannan sara, mutumin Fagam ne, shi ke yi masa alluna. Sai shi ma ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne, ya tambayi ta inda murya ke fitowa tunda ba rami. Maigida ya matso kaɗan, ya nuna masa kunnen, ya yi bayanin mayen ƙarfe. Baba ya zaro allurar da yake ɗinke littattafai daga jikin hularsa, ya kusantar da ita. Allura ta fizge daga yatsunsa ta manne, akwati ya ce ƙwas. Ya cire ya sake. Sau uku ya yi, ni ina ƙirgawa.

"Wannan wayar fa, wa ya yi haƙurin naɗa ta?"

Na so ƙasa ta tsage. Na ce, "Ni ce, Baba. Da keken ɗinki."

Ya dube ni ya daɗe. Na ce shi ke nan, in je in haɗa kaya. Na ƙara ƙanƙame yaro har ya yi ƙara.

"Da kin ba allo rabin wannan haƙurin, da kin sauke," in ji shi. Ya mayar da allura a hula, ya juya ga maigida. "Ba za su fita ƙofar gidan nan ba. Ba za a taɓa su ana kiran salla ba. Jikana kuma ba da su zai tashi ba, in ya isa karatu ka kawo min shi." Sannan ya dawo kaina. "Ke kuma, wurin abinci ba wurin ɓoye ƙarya ba ne."

A motar la'asar ya koma, shi da Gwaggo. Na raka shi iyakar zaure, na dawo na zauna a kan turmi.

Kwana biyu maigida bai yi min magana ba sai gaisuwa. Yana zaune da famfon keke yana hure ƙaiƙayi daga cikin wayoyi. Da ya zo kan baƙar sai ya tarar ɗan maballin da ake murzawa ya fita, da ƙananan ƙusoshi biyu. Duk suna cikin rumbu. Maballin na same shi a sati na biyu wajen sussuka, ƙusa ɗaya kuma ta fito a faifai ina bakace. Ɗayar ban gan ta ba. Na yaye yaron a ɗakina, da geron nan na yi masa kunun yaye, kuma har rumbun ya ƙare ban taɓa ba shi ko ludayi ɗaya ba sai na tace sau biyu na bi da yatsa.