Shaddar da Aka Tsaga a Bariki

Shekarar da rediyo ta cika da zancen gangunan yuraniyom da aka ce sun ɓace a kudancin Libiya, daga baya kuma aka ce an gan su, ina zaune a unguwar Tayuri ta garin Sabha, ɗaki ɗaya da wani Bagobiri. Ni Bakatsinen Maraɗi ne, don haka tun ranar da muka haɗu wasan barkwancin da muka gada daga kakanni ya shiga tsakaninmu. In na tashe shi sallar asuba sai ya ce, "Bawana, ka zuba mini ruwa a buta?" Ni kuma in tambaye shi yaushe Gobirawa suka fara wanke fuska. Kwano ɗaya muke ci. Duk wanda ya zauna a ƙasar da ba a jin harshensa ya san daɗin samun mai zaginsa da Hausa.

Aikin gini muke yi a unguwar Gurda. Gab da azumi sai mudir, wato mai kwangilar da muke wa aiki, ya ce gobe babu kwaɓa siminti. Sojoji da likitocinsu za su yi atisaye kan ceton mutane idan an watsa iska mai guba, suna neman waɗanda za su kwanta a matsayin majinyata. Za a ba da abinci, manyan hafsoshi za su zo kallo, har hoto za a ɗauka.

Mu dai a wurinmu ba a zuwa gaban manya da kayan aiki. Ban da haka, baƙon da ya yi tsaf ba a cika tambayarsa takarda ba. Kayan Bagobiri duk siminti ya cinye su. Ni kuwa ina da babbar riga ta shadda, shuɗiya mai haske, da aiki a wuya, wadda mai ɗakina ta sa aka ɗinka a Maraɗi, ta ba wani direban Agadas ya kawo mini don Salla. Ni na matsa masa ya sa ta, na sa tsohon kaftanina. Ya yi ta juyi a tsakar gida yana cewa yau riga ta samu mai ita.

A bariki aka haɗa mu da tafinta, wani direban hamada mai Hausar kasuwa. Bayaninsa bai da tsawo. "Kai kwanta, kai mutu kaɗan, likita wanke ka, kai ci shinkafa." Aka rataya wa kowa kati a wuya. Albarkacin karatun ajami na haɗa baƙaƙen da ke nawa: mai tari ne, amma yana iya tafiya. Na Bagobiri ja ne, an rubuta ya suma. Har kumfa aka shafa masa a baki.

"Ka gani?" in ji shi. "Sun san ubangida. Babban aiki ni suka ba."

Aka busa jiniya, aka saki wani hayaki mai ruwan ɗorawa wanda ba ya cutarwa. Sai ga mutane cikin rigunan roba daga kai har ƙafa, fuskokinsu rufe da abin shaƙar iska mai dogon hanci, ba ka gane soja ba ka gane likita. Mu masu tafiya aka kora mu wani tanti, kowa ya tuɓe da kansa a bayan labule, muka yi wanka da ruwan ɗumi da sabulu, daga kai zuwa ƙasa, ba a dirzawa. An ja layi a ƙasa tsakanin ɓangaren guba da ɓangaren tsabta, wanda ya tsallaka ba ya komawa. Aka zagaya jikina da wata na'ura, aka lulluɓa mini bargo, na zauna ina kallo.

Sai ga Bagobiri a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, ya saki hannuwa, ya karkata wuya, wallahi ko ni na ɗan tsorata. Suka ajiye shi. Ɗaya daga cikin masu rigar roba ya zaro almakashi mai lanƙwasasshen baki, ya kama wuyan riga.

Daga baya wani likitan soja ya yi mana bayani, kuma na ga hikimarsa. Tufar da ta sha guba ba a cire ta ta kai, don kada ta shafi ido da baki. Yanke ta ake yi, a naɗe ta waje, a ƙulle a jaka, kuma cire tufar kaɗai yana raba mutum da mafi yawan gubar. Sun nemi leburori ne don suna zaton da tsummoki za mu zo. Mudir bai sani ba, balle mu.

Almakashi ya kai ƙirji kafin sumamme ya farfaɗo. "Kai! Ba tawa ba ce! A'a! La, la! Amana ce, jama'a!" Yana fizge-fizge, su kuwa suka ɗauka ruɗewar da guba ke kawowa ce yake kwaikwayo. Mutum biyu suka danne shi, na uku ya danna masa allurar wasa marar tsini a cinya, mai almakashi ya ƙarasa har ƙasa. Hafsoshi suka tafa masa. Na yi dariya har bargo ya zame, sai da na share hawaye na tuna rigar wa ce.

Aka ba shi riga da wando irin na 'yan ƙwallo, aka miƙo mana shadda a ƙulle cikin jaka. A hanya na ce masa na yafe duniya da lahira, kuma har zuciyata na faɗa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na gode, Malam."

Malam! Mutumin da bai taɓa kirana da abin da ya wuce bawa ba.

Haka muka shiga azumi. Shi ke zuba mini ruwa a buta. In an sa kwano sai ya ci gefe, ya turo mini nama. Na tsokane shi da duk abin da na sani game da Gobir, ya ce, "Haka ne, Malam." Daga baya ma ya koma buɗa baki a wani masallaci can unguwar Abdulkafi, ni ina ɗaki ni kaɗai da dabino. Na kai rigar wurin tela ya haɗe ta, na sa ranar Salla ina zaton zai sake. Ashe na ƙara masa ciwo ne, don ɗinkin ya fito fili tun daga wuya har ƙasa, duk inda na juya idonsa na kansa. A lokacin na gane yafiya ma tana iya yi wa mai kunya nauyi, Allah Shi ne masanin zukata.

Ana gab da Babbar Salla, bayan la'asar, ya shigo ɗaki sanye da sabuwar shadda fara ƙal, guminsa na watanni a Gurda. Ya ce tawa ce, zai tuɓe ya ba ni. Na ce abin da na yafe ba na karɓar ramuwarsa, kuma ni na fi shi tsawo, a gwiwa za ta tsaya mini.

"To, Malam, tunda ka ƙi ramuwa, sai kisasi."

Ya zaro almakashin da ya aro wurin tela ya ɗora mini a hannu, ya miƙe a tabarma, ya rufe ido.

Na yi bisimilla da ƙarfi don ya ji. Na durƙusa, na kama wuyan rigar daidai tsakiyar aikin, na zura bakin almakashi har sanyin ƙarfen ya taɓa fatarsa. Na tambaye shi a hankali ko daga sama ya fi so ko daga ƙasa. Sai na ga gumi a goshinsa. Na matsa almakashi kaɗan har zare ɗaya ya yi ƙara.

Ya zabura ya riƙe mini hannu. "Kai, mugun bawa! Da gaske kake? Bakatsinen banza, ka san wahalar da na sha kan rigar nan?"

Na ajiye almakashi a ƙasa.

"Shi ke nan, Bagobiri, ka biya," na ce. "Tashi ka ɗora mana shayi."

"Ni? Ubangida ne zai dafa wa bawa shayi? Ɗauko gawayi, kuma ka wanke hannu kafin ka sake taɓa mini riga."