Buhunan Kaka a Bayan Hoto

Da ƙarfe biyar na yamma abin ya fara lalacewa, lokacin da na miƙa wa Kaka kamarar don ta ga hotonta.

Kamarar aro ce daga wata ƙawata a makaranta, kuma na yi mako ina karanta yadda gilashinta yake aiki a ɗakina na unguwar Lokuwa a Mubi. Idan aka buɗe ƙofar haskensa sosai, abin da ke kusa yana fitowa raɗau, abin da ke baya kuma ya narke. Haka na yi. Fuskar Kaka ta fito har da zanen kumatunta, buhunan gyaɗa da masara da ta tsaya a gabansu suka zama dishi-dishi kamar hayaƙi. Ni dai ban taɓa ɗaukar hoto mai kyau irinsa ba.

"Ƙawata, ina gyaɗata?" ta ce. "Kawunki ya san fuskata, ni na haife shi."

Kawu yana Yola, ya dage sai ta bar noma a ƙauyen Digil ta koma wurinsa, wai ƙarfinta ya ƙare. Ita kuwa so take ya ga amfanin gonarta da idonsa. Da safe za a kwashe buhunan zuwa kasuwar Mubi, rana kuma tana sauka.

Na ja baya, na tsuke ƙofar hasken don na kusa da na nesa su fito tare. Sai hasken ya yi kaɗan, kamarar tana jinkirin ɗauka, hannuna kuma yana ɗan rawa. Hoto biyu suka fito a cakuɗe. Kaka ta ce karatun nan nawa ba ya hana hannu karkarwa, ta sa na kife turmi na ɗora kamarar a kai. Ta gyara ɗankwali, ta dafa buhu ɗaya, ta tsaya cak.

Wannan karon har ɗinkin bakin buhunan ana gani, da rumbu, da akuyar maƙwabta. Ba shi da kyan na farko. Ta bi buhunan da yatsa a jikin kamarar, ta ce in tura wa Kawu.

Kawu bai amsa ba sai washegari, bayan an ɗora buhunan a keke mai ƙafa uku. Ya turo saƙon murya, na kunna mata.

"Inna, na gani. Ki zauna abinki. Amma baɗi ni zan zo in ɗaga buhunan, kada ki taɓa ko ɗaya."