Tarihin Malam Zakiyyu Mainasara, Malamin Daji na Mai'aduwa

Haihuwa da tasowa

A shekarar 1959 aka haifi Malam Zakiyyu a garin Mai'aduwa, cikin masarautar Daura. Mahaifinsa, Malam Mainasara, manomin gero ne mai ɗan fataucin awaki, mahaifiyarsa kuma Malama Hadiyya 'yar wani limami ce daga Zango. Shi ne na uku cikin 'ya'ya bakwai, kuma a wajen kakansa na uwa ya sauke Alƙur'ani.

Karatu, aiki da aure

Ya shiga firamare a 1967, ya wuce sakandare a Daura a 1974, sannan ya yi shekara biyu a makarantar horar da ma'aikatan gandun daji. A 1981 aka ɗauke shi aikin malamin daji, aka turo shi yankinsu. Aikin a wancan zamani shi ne kama duk wanda ya sare itace ba tare da izini ba, ko da a gonarsa ne, kuma an shaidi Malam Zakiyyu da tsanani a kan haka. A 1984 ya auri Malama Murjanatu Audi, wadda suka zauna tare har ƙarshen rayuwarsa.

A 1988 wata ƙungiyar agaji ta ƙasashen Turai ta kawo shirin yaƙi da kwararowar hamada, aka naɗa shi mai kula da lambun renon dashe. Cikin shekara biyar ya raba wa ƙauyuka dubban dashen darbejiya da turare. Yawancinsu ba su kai damina ta biyu ba, domin wasu ƙishirwa ta kashe su, wasu awaki suka cinye, amma rahotannin ofis adadin abin da aka raba kawai suke nunawa.

Tafiya Holan da aikin bincike

A watan Satumba na 1993 ƙungiyar ta ɗauki nauyinsa zuwa wata jami'a a ƙasar Holan, domin ya karanci raya ƙasa da ayyukan agaji. Daga cikin sharuɗɗan karatun akwai zaman wata shida a karkarar wata ƙasa da ba ta ɗalibi ba, inda zai ga yadda agaji yake isa ga jama'a. Abokan karatunsa an tura su Indiya da Kenya, shi kuwa malamarsa ta zaɓa masa wani ƙauye a yankin Matamaye cikin Jamhuriyar Nijar, wanda tsakaninsa da Mai'aduwa bai kai tafiyar awa biyu a mota ba. Da ya biyo ta gida a watan Afrilun 1994, mahaifinsa ya dube shi ya ce, "Ashe Holan ɗin nan bayan bodar Kwangwalam take? Da ka faɗa, ai da na kai ka a kan jaki."

A ƙauyen an sauke shi a gidan wani dattijo mai suna Malam Hamma. Ya zo da takardar tambayoyi mai shafi goma sha biyu a kan dashen agaji, sai ya tarar dashen ya mutu kamar nasu, alhali gonakin cike suke da matasan gawo da kalgo da sabara. Ya tambayi dattijon wace ƙungiya ce ta dasa su.

Malam Hamma ya ce, "Malam, ko ɗaya ba a dasa ba. Kututturen na nan da saiwarsa tun zamanin iyayenmu, kowace shekara yana toho muna sarewa. Yanzu in mun zo sassabe sai mu bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi, mu cire sauran."

Malam Zakiyyu ya ce, "To, Baba, mu ma muna da kututturen. Me ya hana mutanenmu yin haka?"

Dattijon ya ce, "Tsoron irinku. In itace ya girma a gonata ya zama na malamin daji, me zai sa in bari ya girma?"

Daga ranar ya ajiye takardar tambayoyin, ya ɗauki gatari, ya bi Malam Hamma gona har aka girbe gero. Ya sha faɗa daga baya cewa a Holan aka koya masa yadda ake tambaya, amma a gidan Malam Hamma ya koyi yin shiru ya ji amsa.

A kundin da ya rubuta ya bayyana cewa cikin kowane dashe goma da shi kansa ya raba a Mai'aduwa, biyu ne kawai suka rayu. Wani babban jami'in shirin ya nemi ya cire wannan babi, ya kuma tuna masa waɗanda suka kai shi karatun. Malam Zakiyyu ya amsa da wasiƙar godiya mai tsawo, inda ya ce ba shi da wata hanyar saka alherin da aka yi masa face ya faɗi abin da idonsa ya gani. Babin ya tsaya, ya kuma karɓi digirinsa a 1995.

Dawowa gida

Da ya dawo aka ɗauke shi daga lambun dashe, aka mayar da shi ofishin ajiyar fayil a Katsina, inda ya yi shekara uku. Duk ƙarshen mako yakan zo Mai'aduwa ya gyara toho a gonar mahaifinsa, maƙwabta suna ce mata gonar rago saboda ba a share ta ƙal ba.

A 1998 aka mayar da shi yankin Daura. Ya bi ƙauyuka goma sha ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, ya nemi gafarar mutanen da ya taɓa kamawa, ya kuma samo amincewar hukuma da dagatai cewa itacen da manomi ya rena a gonarsa yana da ikon sassabe rassansa. Da fari gidaje tara ne kawai suka yarda da shi. A bazarar 2005, da abincin dabbobi ya yi wuya ƙwarai, waɗannan gidaje suka riƙe tumakinsu da 'ya'yan gawo, matansu kuma ba su yi nisa wajen neman itacen girki ba. Daga nan manoma suka riƙa zuwa da kansu suna neman a nuna musu.

Shekarun ƙarshe

Ya sauke farali a 2009, ya yi ritaya a 2016. Daga 2001 har zuwa 2019 ya sauki ɗalibai ashirin da uku daga jami'o'in gida da na waje waɗanda suka zo irin binciken da ya yi. Sharaɗinsa ɗaya ne: ɗalibi zai yi mako biyu yana aiki a gonar wani kafin ya buɗe littafin rubutu. Bai taɓa karɓar yabo a kan aikin ba sai ya ambaci waɗanda suka koya masa.

Rasuwa

Allah Ya yi masa rasuwa da hantsin Talata, 14 ga Maris, 2023, cikin watan Sha'aban, bayan jinyar mako uku a Daura. An shirya jana'izarsa bayan Azahar, amma aka jinkirta ta zuwa La'asar, saboda manoman ƙauyuka sun aiko a jira su, suna tafe a kan babura da amalanke. An binne shi a maƙabartar Mai'aduwa kusa da mahaifinsa.

Ya bar matarsa, Hajiya Murjanatu, da 'ya'ya biyar: Mahdi, Raihana, Ikrima, Khairunnisa da Yazid, da jikoki goma sha huɗu. Allah Ya karɓi aikinsa, Ya yafe kurakuransa, Ya saka masa da mafificin abin da ya yi wa jama'arsa.