Ubaldo Baduku da Kafaɗar Yovanny

A garin San Telmo, can gabas da Santo Domingo babban birnin ƙasar, inda rake ya fi mutane yawa, babu wanda bai san rumfar Ubaldo Peguero ba. Tana jingine da katangar filin wasa ta wajen ƙofar yamma. Shekara arba'in da ɗaya ya yi a cikinta yana ɗinkin takalma da safar fata, irin wadda 'yan ƙwallon gora ke cafe ƙwallo da ita. Ubansa mai saran rake ne. Shi ma ya so ya zama ɗan wasa kamar kowane namijin da aka haifa a garin, amma adda ta ɗauke masa yatsa ɗaya da rabi yana ɗan shekara goma sha huɗu, sai ya koma wajen wani tsohon baduku ya koyi riƙe basilla.

Ƙungiyar garin sunanta Balbelu, saboda fararen rigunansu, kuma mallakar gidan Montalvo ce, masu masana'antar sukari. Ubaldo yana son Balbelu kamar ransa, amma bai taɓa yarda da masu ita ba ko na rana ɗaya. Abin ya samo asali ne tun yana saurayi. A wasan ƙarshe na cin kofi, Balbelu na kan gaba da maki biyu, saura zagaye ɗaya a tashi, sai koci ya cire mai jifan da ya hana abokan gaba sakat tun farkon wasa, ya sa wani da bai san gabas ba balle yamma. Aka cinye su. Bayan mako biyu Ubaldo ya ga kocin a cikin sabuwar mota. Daga ranar ya rufe littafin yarda.

"Kai dai ko ruwa aka yi aka ɗage wasa, cewa za ka yi Montalvo ne ya biya hadari," in ji matarsa Nereida.

"To wa ya ce miki ba zai iya ba?"

Kullum da tsakar rana akwai shiri a gidan rediyon garin inda 'yan kallo ke buga waya su amayar da abin da ke cikinsu. Ubaldo ba ya fashi. Mai gabatarwa na jin tarinsa ya san shi ne. Wasu na cewa tsohon ya zautu, amma ana ƙara murya idan ya fara, domin shi yana ganin abin da wasu ba sa gani. Ya san ɗan wasan da aka yi wata ba a saya wa takalmi ba. Idan direban ƙungiya ya zo karɓar safar wani tun ba a gama ɗinkinta ba, Ubaldo zai ce wannan ya kusa barin gari, kuma sau da yawa hakan take faruwa.

Da tsoho Montalvo ya mutu, 'yarsa Casilda, wadda ake kira Doña Casilda don girmamawa, ta gaji ƙungiyar. Ta yi karatu a waje, ta zo da wasu samari masu tabarau waɗanda kwamfuta ke gaya musu wanda za a saya da wanda za a sallama. Ubaldo ya ce gara uban, shi aƙalla a gabanka yake cutarka.

Abu ɗaya ya sanyaya masa rai a wannan shekara, shi ne Yovanny Mateo. Ɗan unguwar masu saran rake ne, mai shekara ashirin da huɗu, kuma Ubaldo ne ya ɗinka masa safarsa ta farko da guntayen fatar tsohuwar jaka. Yanzu wata ƙungiya a Amurka ta ɗauke shi, yana yi mata wasa rabin shekara, idan Oktoba ta kama ya dawo gida ya yi wa Balbelu jifa. Wasa biyar ya fita, biyar ya ci. Garin ya fara maganar kofi a ɓoye, don kada baki ya ɓata abin.

Ran wata Lahadi da la'asar, cikin Disamba, Yovanny ya hau tudun jifa. Ƙwallon farko ta bugi ƙasa tun kafin ta isa. Ta biyu ta wuce ta saman kan mai cafewa ta daki raga. Haka ya yi ta watsa ƙwallo kamar mai korar tsuntsaye a gona, har koci ya fito ya karɓe ta daga hannunsa. Washegari ƙungiya ta ba da sanarwa: Yovanny ya ji ciwo a kafaɗar dama, zai huta sai abin da hali ya yi.

Ubaldo ya ji sanarwar yana tsaka da wasan domino a gindin mangwaro da amininsa Fermín, tsohon direban motar rake, wanda ke goyon bayan wata ƙungiya ta babban birni don kawai ya ɓata wa mutanen gari rai.

"Kafaɗa?" in ji Ubaldo. "Ni na ga mai ciwon kafaɗa. Mai ciwon kafaɗa yana yamutsa fuska, yana dafa wurin. Wannan yaron sau ɗaya ka ga ya dafa?"

"Ka ajiye ƙwayarka, tsoho, ka bar mu da likitanci," in ji Fermín. "Balbelunku sun saba. Disamba na yi fuka-fukai ke zubewa."

Ran Laraba da safe Ubaldo ya bi ta unguwar masu saran rake zai kai wa wata mata takalmanta. A ƙofar gidan uwar Yovanny ya ga an tsayar da babur. Yovanny ya fito, ya sunkuya, ya cicciɓi tukunyar gas cike, ya ɗora ta a kafaɗar dama, ya haye matakala bakwai da ita ko numfashi bai canja ba. Ubaldo ya laɓe bayan turken lantarki yana kallo, ransa rabi baƙin ciki rabi murnar wanda ya kama ɓarawo.

Da tsakar rana ya riga kowa shiga layin rediyo.

"Jama'ar San Telmo, ku buɗe kunnuwanku. Da idona na ga kafaɗar da aka ce ta lalace tana ɗauke da tukunyar gas. Ƙarya ake yi mana. Yarinyar nan 'yar Montalvo ta sayar da shi ga 'yan babban birni, an ɓoye shi ne har a gama ciniki. In ba rami, me ya kawo maganar rami?"

Magana ta kama kamar wuta a busasshiyar gonar rake. A wasa na gaba matasa suka zo da wani dogon ƙyalle an rubuta INA YOVANNY? Aka yi ta jifan rumfar manya da ɓawon lemo har Doña Casilda ta tashi ta fita. 'Yan jarida suka yi sansani a ƙofar gidan uwar yaron. Mutanen da shekara da shekaru ke yi wa Ubaldo dariya suka riƙa tsayawa a rumfarsa suna ba shi hannu. Har Fermín ya ce, "Wannan karon kam ka ciji nama."

Bayan kwana biyar, da rana tsaka lokacin da titi ya yi shiru kowa ya tafi cin shinkafa da wake, Yovanny ya shigo rumfar, hula ta rufe masa rabin fuska.

"Baba Ubaldo, barka da aiki."

"Barka kadai. Ya jikin? Ko in ce ya gas?"

Saurayin bai yi dariya ba. Ya ce, "Zo mu je baya in nuna maka wani abu."

A bayan rumfar akwai wata tsohuwar ganga. Yovanny ya auna taku goma daga gare ta, ya ciro ƙwallo daga aljihu. Wannan mutum ne da yake iya kakkaɓo kwalba daga kan katanga daga nisan da ya ninka haka. Ya jefa. Ƙwallon ta kauce wa gangar da kamu uku ta faɗa cikin ciyawa. Ya ɗauko, ya sake. Ta bugi ƙasa kusa da ƙafarsa. Hannunsa na rawa.

"Kafaɗata lafiyarta ƙalau, Baba. Ka yi gaskiya. Likitoci sun duba ba su ga komai ba. Hannun ne ya daina jin maganata. Da zarar na ɗaga shi sai in ji kamar na wani ne." Ya share ido da bayan hannu. "Idan mutanen Amurka suka ji ciwon kafaɗa ne, za su jira ni. Idan suka ji abin a kai yake, sun yage takardata. Doña Casilda ce ta ce a faɗi haka don a rufa mini asiri. Yanzu ga 'yan jarida sun hana uwata zuwa kasuwa."

Ubaldo ya sunkuya ya ɗauko ƙwallon ya miƙa masa.

"Na roƙe ka, Baba, ka yi shiru. Kuma kada kowa ya ji wannan, ko Doña Nereida."

Ubaldo ya yi masa alkawari.

Washegari aka yi shirin rediyo ba a ji tarin Ubaldo ba. Jibi ma haka. Mai gabatarwa ya fara tambaya ko badukun ƙofar yamma ba shi da lafiya. Aka yi rashin sa'a a makon nan ƙanin Nereida ya zo ya canja wa rumfar kwano, aikin da ya yi wata takwas yana alkawartawa. Sabon kwano ya riƙa walƙiya a rana, duk mai wucewa sai ya ɗaga kai ya duba, sannan ya dubi Ubaldo.

"Mutumina, kwano ya yi kyau," in ji Fermín yana juya ƙwayoyin domino. "Na Montalvo ne, ko? Ai su ba sa sayen na banza."

"Surukina ne ya sa."

"Haba! Surukinka? Wanda ko ƙusa ba ya bayarwa aro? To me ya kulle maka baki?"

"Na gaji ne."

"Shekara arba'in ba ka gaji ba sai da rufi ya canja. Ka faɗa mini, ni ba zan gaya wa kowa ba. Kwanon ne kawai, ko har da firji?"

Da safe ya tarar an rubuta AN SAYE SHI da gawayi a ƙofar rumfa. Waɗanda suka ba shi hannu makon jiya suka koma tsallaka titi. Ya zauna yana goge rubutun da tsumma, yana jin yadda hujjojinsu suka jeru daram, domin da wani aka yi wa wannan kwanon, shi ne zai fara faɗa a rediyo. Nereida ta ajiye masa dakakkiyar ayaba da soyayyen ƙwai, ta tsaya tana kallonsa.

"Ni ban tambaye ka ba," ta ce. "Amma ka ɗanɗana ka ji yadda miyarka take a bakin mutane."

Balbelu suka faɗi a matakin farko na gasar, wasa ɗaya tak ya raba su da tsallakewa. A Fabrairu Yovanny ya koma Amurka. A Afrilu aka ji Doña Casilda ta ba ƙungiyar Fermín shi, ta karɓi 'yan wasa biyu da ba wanda ya taɓa jin sunansu. Garin ya ce ashe baduku ya faɗi gaskiya kafin a toshe masa baki.

Da Oktoba ta zagayo, Yovanny ya shigo filin San Telmo a cikin rigar abokan gaba. Zagaye bakwai ya yi yana jifa kamar an ja zare, babu ɗan Balbelu ɗaya da ya ci maki. Ubaldo na zaune a benen talakawa, rana na dukansa, yana lissafin abin da ya gani a bayan rumfa. Mai iya kakkaɓo kwalba ai ya iya kauce wa ganga in ya so. Wa ya aiko shi ran nan? Wa ya fi cin ribar shirun baduku? Amma kuma rawar hannun fa, da hawayen? Ana koyon wannan?

Bayan wasa Yovanny ya hango shi a bakin ƙofa, ya ratso mutane ya rungume shi.

"Baba, na warke! Wata likita ce a can, ba allura ba magani, hira kawai muka yi ta yi wata huɗu. Ba zan manta da abin da ka yi mini ba."

Ubaldo ya riƙe kafaɗunsa biyu, ya zura masa ido ya daɗe. Bai ga ƙarya ba. Bai kuma ga abin da zai sa ya rantse ba.

"Allah ya ƙara lafiya," ya ce.

Bai taɓa gaya wa kowa abin da ya faru a bayan rumfa ba, har yau da yake da shekara sittin da takwas. Ran da ya tashi da yarda, sai ya ce ya ceci yaro. Ran da ya tashi da akasin haka, sai ya ce shi ne babban wawan da San Telmo ta taɓa haifa.

Bara ƙungiya ta aiko masa da wata takarda a cikin farin ambulan, da sa hannun Doña Casilda: kujera kyauta a rumfar manya har ƙarshen rayuwarsa, don girmama daɗewarsa da Balbelu. Ya karanta sau uku, ya juya bayanta, ya ɗaga ta saitin rana.

"Me matar nan take nema a wurina kuma?"

"Ba ni nan," in ji Nereida, ta fizge.

Ita da ba ta taɓa bambance mai jifa da mai bugu ba, yanzu duk Lahadi sai ta ci ado ta tafi ta zauna a inuwa kusa da matan manya, ana kawo mata ruwan kwakwa mai sanyi. Shi kuwa yana yankar tikitinsa kamar kullum, ya hau benen rana, daga can yana hango ta tana tafi a lokacin da bai kamata ba, yana kuma lura da duk wanda ya sunkuyo ya yi mata magana.