Awakin Maharazu Maɗori

Maharazu maɗori ne a Cadakori, wurin ubansa ya gaji ɗori. Daga Tibiri har Gidan Rumji ana kawo masa masu karaya a kan jaki. Ba shi da yawan magana, ya fi yarda da abin da hannunsa ya ji.

A damanar da aka samu mulkin kai, matarsa Delu ta faɗo daga bakin rumbu, kwatangwalonta ya goce. Ya mayar da shi da kansa, ta warke, har ta yi sussuka da kaka. Bayan wata takwas ciwon ya dawo. Babu kumburi, babu karaya, amma in ta taka sai ta cije leɓe. Ya laluba ya fi sau goma, bai ji komai ba. Abin da ke cin ransa, ya taɓa ganin irin wannan ga wani manomi, wanda daga ƙarshe da jan gindi yake fitowa ƙofar gida.

"Malam, ko iska ce?" in ji Delu.

"Ban sani ba," ya ce. Bai taɓa gaya wa majinyaci haka ba.

Ba a tsaga mutum a duba, amma ana yanka akuya. Sai ya shiga cigiyar awakin da kwatangwalonsu ya goce. Ya samu biyu, ɗaya ta faɗa rami, ɗaya saniya ta take ta. Ya gyara su, ya ɗaure ɗaya a turke yana kai mata harawa, ya saki ɗayar tana bin kiwo. Maƙwabta suka ce maɗori ya koma likitan awaki. Kullum da safe sai ya tsuguna yana kallon takunsu, ya juya ya kalli na Delu, ya ga ɗingishinta ƙaruwa yake yi.

Da watanni suka ja, ya kira Garba mahauci ya yanka su.

"Bi gaɓar a hankali, Garba, kada wuƙa ta taɓa ƙashin."

Kan ƙashin wadda aka ɗaure a turke na nan mulmulalle, sai ɗan duhu a gefe. Na mai kiwo kuwa ya lotsa, ya bushe, babu alamar jini. Maharazu ya danna da farce, ya marmashe.

"Wannan tun tana da rai ya mutu," in ji Garba.

Maharazu ya ga alamar taku ne ya kashe ƙashin. Ya san awaki biyu ba hujja ba ce, amma ba shi da wata. Ranar nan ya sassaƙa wa Delu sanduna, ya hana ta rijiya da daka, ya aika Tibiri ƙanwarta Dija ta zo ta riƙe gidan.

Delu ta shekara ba ta ɗora nauyi a ƙafar ba. Ciwon ya lafa, ƙafar ta gajarce kaɗan, amma da sanda guda take zuwa kasuwa har tsufanta. Shi kuwa duk wanda ya gyara wa kwatangwalo bayan nan, sai ya bi shi har gida ya tabbatar bai taka ba.