Ranar da Kwamfuta Ta Ce Kawu Ba Shi da Shanu

Shekarar da na fara aiki da wata ƙungiya mai yi wa shanu rigakafi a Gwandu da Kalgo, ji nake kamar ni na ƙera kwamfuta. Ma'aikatanmu kan zaga rugage su rubuto sunan makiyayi da yawan shanunsa. Ni kuma na tsara wani ɗan umarni a teburin bayanai, makro muke ce masa: latsa ɗaya, ya fitar da yawan allurar da za a kai wa kowa. Har baƙi shugabarmu take kira su ga ikon Allah.

Ban taɓa tunanin gurbin da aka bari fayau ba. Wawan makron nan in ya ga ba a rubuta komai ba, sai ya ɗauka sifili ne, mai sifili kuwa ba a loda masa allura.

Abin kunyar, na fi kowa sanin cewa dattijon makiyayi ba ya faɗin yawan shanunsa, gani yake jawo musu baki ne. Kawuna na Wurogauri, yayan mahaifiyata, da aka tambaye shi sai ya ce, "Alhamdulillahi." Ma'aikacin ya rasa inda zai rubuta wannan, ya bar gurbin.

Motar allura ta wuce rugarsa ko tsayawa ba ta yi ba, ga ciwon huhu yana yawo. Bayan mako biyu sai ga Kawu a ofis, sanda a kafaɗa.

"Ɗana, kai na kac ce ba ni da shanu?"

"Ba ni na ba, Kawu. Na'ura ta."

"To nonon da kash sha hak ka girma, na jakkai na?"

Ofis ya kwashe da dariya, ni kuwa na so ƙasa ta tsage. Gyaran layi biyu ne kacal na yi wa makron: in gurbi fayau ne, kar ka ce sifili, ce a je a duba. Sunaye suka zubo, kusan duk dattawa.

Da kaina na bi motar zuwa rugarsa. Kawu ya juya mana baya har muka gama ƙirga, don kada a ce da shi aka yi. Da za mu tafi ya ja ni bayan garke, ya nuna mini wata igiya a turke, ba komai a jikinta.

A rayuwata, ranar kaɗai na ji ya ƙirga saniya.

"Guda," ya ce. "Shekaranjiya tam mutu. Ita ta sifilin da kar rubuta."