Muryar Ƙanena a Motocin Tasha

Ƙanena yana da rumfa a bakin tashar Matameye. Aikinsa cajin salula da zuba wa mutane waƙoƙi a memuwa, ɗan katin nan da ake sakawa a salula ko rediyon mota. Ordinatersa, wato kwamfutarsa, tsohuwa ce, daga Kano ya sayo ta wata shekara da ya je cirani. Ranar kasuwa mutanen Kurni da Dungu sukan cika rumfar, kowa da katinsa ƙulle a leda.

Masu irin sana'ar suna kwafe wa juna kaya, shi ya sa ya yi dabara. Yakan ɗora muryarsa a tsakiyar kowace waƙa, bisa kiɗan, yadda ba a iya raba su. Kana cikin sauraro sai ka ji shi: "Rumfar bakin tasha, Matameye! Ɓarawon waƙa, na gan ka!" Nakan ce masa yana ɓata wa mutane waƙa. Yakan ce, "Yaya, ai mawaƙan ne ke ɓata mini magana."

Zazzaɓi ya ɗauke shi da damina. Bai daɗe a kwance ba.

Bayan an watse daga zaman makoki, Inna, mahaifiyarmu, ta shiga mota zuwa Dungu gaida ƙanwarta. Shofer, wato direban, ya kunna rediyo, ta ji ɗanta. Da ta dawo sai ta daina taɓa tuwo. Da na matsa mata ta faɗa mini. Ta taɓa ji a wa'azi cewa wanda ya yaɗa kiɗa, muddin ana saurare ana rubuta masa, ko yana kabari.

"Ga shi shi da bakinsa yake cewa nasa ne," in ji ta.

Na je wurin malamin unguwarmu. Ya ce Allah mai gafara ne, mu yawaita masa addu'a. Na kawo mata wannan, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ka je ka kwaso mini ɗana daga motocin nan."

Ni tela ne, ban san ordinater ba. Mai gyaran salula na kusa da rumfar ya nuna mini inda ake dannawa a goge. Na fara da abin da ke cikin ordinatar. Sannan na sanar a tasha: duk mai katin marigayi ya kawo, a goge a zuba masa karatun Alƙur'ani, sadaka.

Wani shofer ya ce, "Maigida, da karatu zan kai Damagaram? Fasinja su yi barci, ni ma in bi su." Aka yi dariya. Amma ya zaro katin ya miƙo mini da hannu biyu.

Kowane kati sai na kunna shi kaɗan kafin in goge. Ba na son waƙar, wurin da muryarsa ke shigowa nake jira. Kullum Inna takan tambaya, "An kawo yau?" In na ce an kawo, takan ci abinci kaɗan. Ni kuma ina lura garin yana yin shiru da shi. Waɗanda katinsu ya tafi Legas da masu cirani, mun bar wa Allah.

Wani dattijon shofer ne ya ƙi bayarwa. Ya ce yaron ne ke raka shi hanya. Sai bayan girbi ya zo gidanmu da kansa, ya durƙusa a zaure, ya miƙo katin ya ce a kai wa Inna. A iya sanina babu sauran wani a tashar.

Ta juya katin a tafinta, ta ce in kunna. Kiɗa ya tashi a tsakar gidanmu, sannan muryar: "Ɓarawon waƙa, na gan ka!"

"Mura yake yi ranar," in ji Inna. "Na dafa masa citta, bai tsaya ya sha ba."

Ta ce in sake, na sake. Na yi zaton za ta ce a bar wannan ɗaya, kuma da ta faɗa da ban yi musu ba. Ta miƙo mini shi, ta ce, "Goge."

Na je rumfa na goge. Da magariba ta cinye tuwonta, har ta nemi ƙarin miya.

Shagona yana kan hanyar tasha. In mota ta wuce da kiɗa, ƙafata takan tsaya a kan keken ɗinki har sai waƙar ta wuce tsakiya.